Ɗankwali a Bakin Fanka

Motar ta fi shekara ashirin a bayan gida, tsakanin tankin ruwa da katanga, kafin Auta ya waiwaye ta. Irin 'yar ƙaramar motar nan ce mai ƙusumbi da ake kira kunkuru, wadda injinta yake a baya, kuma ba a zuba mata ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Ta mahaifinsu ce, kuma tun da aka kai shi makwancinsa ba wanda ya sake murza mata makulli. Tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerar direba wurin saka ƙwai, ɓeraye kuma suka raba sauran wurin a tsakaninsu ba a ji kansu ba, abin da 'ya'yan marigayin suka kasa yi da gidan kansa.

Auta suna ne kawai ya bi shi. Mutum ne da ya ba hamsin baya, furfura ta cinye masa gemu, yana aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Da kowa ya watse, Yaya ya tafi babban birni ya zama abin da ya zama, mata suka bi mazajensu, shi aka bari a gida da Inna, sai ka ce auta ba shi da inda za shi. Ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi. Shi da matarsa Malama, wadda ke koyarwa a makarantar bayan layinsu, su suka ga farkon ciwon Inna, lokacin da ta fara zuba gishiri sau biyu a tukunya. Su kuma suka ga ranar da ta tsaya a tsakar gidan da ta ƙare ƙuruciyarta tana sharewa, ta tambaya ina ne banɗaki.

Sunaye suka riƙa zubewa daga kanta ɗaya bayan ɗaya. Na Yaya bai zube ba. Babba take ce masa, kuma wuni take tana cigiyarsa: Babba ya ci abinci? Babba ya dawo? In ya kira a waya, can ba a rasa ba, fuskarta sai ta washe kamar an kunna fitila. Auta kuwa, wanda ke yanke mata farce, yake murƙushe mata ƙwayar magani a cokali don ba ta iya haɗiya, yake ɗaga ta in ta zame daga bakin gado, shi ya koma bawan Allah. Ba ta taɓa yi masa rashin kirki ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Godiya take yi masa, irin wadda ake yi wa baƙon da ya tsallakar da kai titi.

"Sannu, bawan Allah. Allah Ya saka da alheri. Kai ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan gidan nan ne, Inna."

"To madalla. Ka gaida mutanen gidan."

Wannan godiya ita ke ci masa rai. Ya sha fitowa daga ɗakinta ya je ya tsaya a bayan tanki shi kaɗai.

Wata rana da la'asar suna zaune a baranda yana ba ta shayi, sai wata kunkuru ta ratsa ta layinsu. Allah kaɗai Ya san daga ina ta fito, don an daɗe da daina ganin irinsu. Ƙarar injin nan ba ta kama da ta kowace mota, tatata ce a jere, da wani siririn fito a ƙarƙashinta. Inna ta ture kofin, ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa kowa ba.

"Malam ya dawo," ta ce, don haka take kiran marigayi mahaifinsu. "A buɗe masa ƙofa. Ku ɗauko mini Auta a baya, na san ya yi barci."

Ta juyo ta dube shi, kuma zai iya rantsuwa wani abu ya taso a idonta, ya kusa isowa. Motar ta sha kwana, ƙarar ta ɓace, abin ya koma inda ya fito. Ta zauna ta yi masa sannu da aiki.

Rabon da ya ji sunansa a bakinta har ya manta. Washegari ya kori kaji daga motar.

A zamanin Baba motar nan tana da dokarta, kuma kowa da aikinsa. Ɓera ya taɓa yin gida a cikin kwanon da ya rufe fankar injin, iska ta kasa wucewa, injin ya yi zafi har ya kusa ƙonewa. Tun daga nan Baba ya kafa ƙa'ida. Kullum da yamma in ya ajiye mota, Inna za ta ɗaga murfin baya, ta zura hannu can bayan gidan fanka inda ido ba ya kaiwa, ta toshe bakin da tsumma. Da safe kuma Yaya ne zai zare tsumman, ya kai wa Baba ya gani da idonsa, sannan a murza makulli. Ladan Yaya shi ne zama kusa da taga. Auta ba shi da aiki, ba shi da kujera. Akwai wani ɗan rami a bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, wanda aka yi don kaya, nan ake ajiye shi kamar ƙunshin wanki. Daidai saman injin yake, ga ɗumi ga jijjiga, kuma a nan ya yi barcin da ya fi kowanne daɗi a rayuwarsa. In an iso gida, Inna ce take zuro hannu ta ciro shi.

Shi ya sa tunaninsa ya tsaya a wuri ɗaya. In ƙarar motar wani da ke wucewa ta kusa dawo masa da uwarsa, to tasu, a tsakar gidansu, shi a sitiyari ita a gefensa, za ta ƙarasa aikin. Sau ɗaya yake so. Ta dube shi ta ce Auta, tana sane da wanda take kira.

Malama ba ta hana shi ba, amma bakinta bai huta ba.

"Injiniya, bahon wankina ne wancan ka cika da kalanzir?"

"Aro na yi."

"Har da buroshin haƙorina?"

"Ai ya tsufa."

"Kai ma ka tsufa, ban ga na wanke kafiretar mota da kai ba."

Bai san komai a kan mota ba sai tuƙi, sauran duk da ƙuna da yanka ya koye shi. Ya sa jak ya sauke injin a kan faffaɗan katako, ya warware shi gunduwa-gunduwa, yana tara notuna a gwangwanayen madara. Da ya buɗe gidan fanka, abin da ya fito ya kai matashin kai: audugar kujera, gashin kaza, guntun igiya, da ƙasusuwan maigidan, wani ɓera da ya mutu a kan shimfiɗarsa. Zanzaro ya cika kowace kafa da laka. Ƙasan motar kuwa tsatsa ta gama da shi, in ka taka sai ƙafarka ta gaisa da ƙasa, sai da mai walda ya yi ta zarya kafin aka samu wurin ajiye ƙafa. Launinta na asali a ƙarƙashin robar ƙofa ya same shi, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, shuɗi mai haske. Ya ɓanɓaro ɗan ɓawon ya naɗe a hankici ya kai wa mai haɗa fenti.

Kayan inji su ne tashin hankalin. A kasuwar kayan mota dariya aka riƙa yi masa, wani mai shago ma ya ce ya gwada gidan tarihi. Daga ƙarshe aka yi masa kwatancen wani tsohon bakanike a ƙarshen gari, wanda ake kira Baban Kunkuru. Ido ya tafi, hannu bai tafi ba. Da lalube ya zaƙulo masa kan inji da fistan da bawul daga ƙarƙashin tarin ƙarafa, yana shafa kowanne kafin ya miƙa.

"Su ke nan," ya ce. "Bayan waɗannan babu, ko a wurina ko a wurin wani. Kuma ka ji ni da kyau, ɗana. Motocin yanzu masu ƙorafi ne, da sun ji zafi allura ta tashi, su hau tururi. Wannan ba ta da lagireto, ba ta da agogon zafi. Ba za ta gaya maka ba. In ka toshe mata numfashi haka za ta yi ta tafiya da kai har ta mutu a ƙarƙashinka."

"Na sani, Baba. A kanta na girma."

Kafin shekara ta kewayo tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka kira 'yan gwangwan suka kwashe garejin a kan sikeli.

Yaya ya ji labari a waya, ya yi dariya har da tari. "Auta, in mota kake so ka yi magana mana, in aiko maka da ɗaya mai sanyi." Kuma da zai aiko ɗin. Abin da ya fi ba Auta haushi ke nan game da Yaya, ba mugu ba ne. Mutum ne mai hannu a sake, mai fara'a, wanda duniya ta saba buɗe wa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa, har ya ɗauka haka ƙofofi suke. Da mugu ne da Auta ya ƙi shi ya huta. Sai ya zama haushin ba shi da inda zai sauka, yana nan a ƙirji yana tsami.

Inna kuma tana ƙara nisa. Ta rage cin abinci, ta rage magana, zanenta ya fara yi mata yawa. Auta ya ga tsere yake yi, ya daina zuwa hira, ya daina zuwa ko'ina in ba aiki ba. Da sassafe, kafin injin ya ji rana, zai kwanta a kan kwali a ƙarƙashin motar yana saita bawul, sannan ya wanke hannu ya tafi asibiti da baƙin mai a ƙarƙashin farce, marasa lafiya suna karɓar magani suna kallon yatsunsa.

Wata Asabar da la'asar ya ɗaura batir, ya ɗiga fetur a bakin kafireta, ya yi bisimilla ya murza. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi shiru. Ya sake. Salansa ta tofar da baƙin hayaƙi da busasshiyar lakar zanzaro, kaji suka watse, sannan injin ya kama. Tatata a jere, da siririn fiton fanka a ƙarƙashi, daidai yadda ya bar shi a ramin bayan kujera. Malama, da ke riƙe da waya tana ɗauka, ta manta da tsiyar da ta shirya yi masa.

Labulen ɗakin Inna ya motsa. Ta fito da kanta, tana bin bango, ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan ƙusumbin motar, ta bar shi a nan yana rawa. Auta ya so ya buɗe mata ƙofa a take, amma birki bai gama kamawa ba, kuma ba zai sa uwarsa a motar da ba ta tsayawa ba. Ya kashe injin, ya shiga ƙarƙashi, ya ce gobe da safe in Allah Ya kai mu.

Rana ta kusa faɗuwa yana bakin famfo yana dirje hannu da toka da sabulu, sai ya ga Inna a bayan motar. Matar da ba ta iya ɓalle maɓallin rigarta ta kama hannun murfin inji ta murɗa shi yadda ake murɗawa, ta ɗaga. Ta zare ɗankwalin kanta, ta ninke, ta sunkuya ta zura hannu har kafaɗa can bayan gidan fanka, ta tura, ta sake dannawa don ya zauna. Ta rufe murfin, ta kakkaɓe hannu, ta koma ɗaki da farin gashinta a buɗe.

Ruwa ya yi ta zuba a hannun Auta bai sani ba. Malama ta zo ta kashe famfon.

"Bari in ciro mata, in ba ta tsumma na gaske," ta ce a hankali.

"Bar shi. Ita ta sa. Da safe zan cire da hannuna."

Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Abin da bai sani ba shi ne Malama ta tura hoton motar tana aiki zuwa ga 'yan uwa, don murna, ba da wata manufa ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga doguwar motar Yaya a ƙofar gida. Tun asuba ya kamo hanya. Ya shigo da ledojin tsaraba, cikin farar riga, ga tumbi ga sanƙo, kamar Baba ya yi kaki ya tofar. Ya ajiye waya da makullansa a kan benci, ya kewaya kunkuru yana tafa hannu.

"Kai, Auta. Ashe kana da hannu haka? Wallahi har ƙamshin cikinta bai canja ba. Na yi maka dariya, na janye. Allah Ya yi maka albarka."

Sannan ya miƙo tafin hannu, yana ta murmushi. Bai ma ce a ba shi makulli ba. Shi ne babba, motar Baba ce, a wurinsa maganar ba ta kai a yi ta ba.

Auta yana tsaye da makullin a aljihu, cikin tsohuwar rigar aikinsa, don ya fito ne ya duba birki karo na ƙarshe kafin ya yi wanka ya sa kayan da ya goge tun jiya. Yana neman yadda zai ce a'a ga mutumin da bai taɓa ce wa a'a ba, sai Malama ta fito da Inna, an yi mata wanka an shafa mata mai. Inna ta ga farar riga a jikin shuɗiyar mota. Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai kaɗan.

"Malam, ka dawo? Sannu da hanya."

Yaya ya dubi Auta ya kashe masa ido, ya ƙara kauri a murya. "Na dawo. Shigo mu zaga gari."

Ta juyo wajen Auta, ta dube shi daga rigar mai maiƙo har zuwa farce.

"Wannan ne bakaniken? Sannu, bawan Allah. Malam, a ba shi ruwa ya sha, ka ga ya wahala."

Yaya ya yi dariya, ba don mugunta ba, shi dai abin dariya ya gani. Auta ya zaro makullin ya ɗora a tafin hannun da ke jira.

A daidai lokacin ya tuna da ɗankwalin. Kada a ce ya manta, bai manta ba. Ya tuna sarai, har ya ga launinsa a ransa. Kalma ɗaya ta isa, ko taku kaɗan zuwa bayan motar. Amma sai ya ce a ransa: ai aikin Yaya ne. Tun muna yara aikinsa ne, shi aka ba taga saboda shi. Tunda shi ne Malam, shi ne Babba, shi ne kowa, bari mu gani ko zai tuna. Ya gaya wa kansa Yaya zai zagaya baya kafin ya shiga. Da Yaya ya shigar da Inna ya rufe mata ƙofa, ya gaya wa kansa zai tuna kafin ya murza. Yaya ya zauna, ya ja kujera baya don tumbi ya samu wuri, ya murza.

Injin ya kama tashi ɗaya. Tatata tana nan, amma fiton babu, wani gurnani ne a maimakonsa, kamar mai magana da hannu a baki. A duk duniya kunne ɗaya ne zai ji bambancin, kuma ya ji.

"Shigo baya mana," in ji Yaya ta taga.

"Ina za a kai bakanike?" Inna ta ce. "Wurin yara ne."

Yaya ya ɗaga kafaɗa yana dariya. "Ka ji hukunci. Yanzu za mu dawo, sai ka ɗauke ta kai ma."

Auta da kansa ya buɗe musu ƙofar gida. Ya tsaya yana kallon shuɗin ƙusumbin har ya sha kwana, bakinsa a rufe.

Malama ta fito daga kicin da kofin ruwan da aka ce a ba bakanike, don ita ma ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Ta tsaya kusa da shi.

"Ka yi haƙuri. Laifina ne da na tura hoton." Ta dubi wurin da motar ta tashi. "Ka dai cire ɗankwalin ko?"

Bai amsa ba.

"Mantawa ka yi?"

Ta dube shi, irin duban matar da ta san mijinta ciki da waje, ta ajiye kofin a ƙasa.

"Inna tana cikin motar nan fa."

Sai a lokacin tsoro ya kama shi. Ya kira Yaya, wayar ta hau ruri a kan benci. Ya ja babur ɗinsa ya fita ba ko hula. Bai tsaya tambaya ba, ya san inda Yaya zai nufa, hanyar da Baba yake bi da su ranar hutu, wadda ta fita bayan gari ta haura dogon tudun da ake hango rufin gidaje daga kansa. Rana ta riga ta yi zafi. Yana tafe yana roƙon Allah Ya sa fetur ya ƙare musu, ko taya ta fashe, ko wani ya tsayar da Yaya da gaisuwa.

Warin ya fara tarar sa kafin ya gan su, warin ƙonannen mai da ƙonannen zane. Sannan ɗigon baƙin mai a kan kwalta, yana ƙara yawa. Motar tana gefen hanya, saura kaɗan ta kai ƙarshen tudun, murfin baya a ɗage, hayaƙi yana fita a hankali. Yaya yana tsaye da hannu a ka, farar rigar ta yi dabbare-dabbare.

"Lafiya lau muke tafiya," ya ce. "Sai ta fara rage ƙarfi a hawan nan. Na ce bari in ƙara mata wuta ta haye. Sai na ji kamar an zuba cokula a tukunya. Ba fitilar da ta kama, Auta, ba abin da ta nuna mini."

Auta ya zaro sifana daga aljihu ya ɗora a kan notin da ke juya injin, ya danna da dukkan ƙarfinsa. Ko motsi. Ya leƙa ƙasa, ya ga inda ƙarfe ya fasa ƙarfe ya leƙo, mai yana tsiyaya ta wurin. Ba sai an gaya masa ba. Kayan Baban Kunkuru sun narke a cikin juna, kuma bayan su babu. Ya naɗe hannu da gefen rigarsa, ya zura bayan gidan fanka, kwanon yana cin fatarsa, ya fizgo abin da ya saura. Rabin ɗankwali ne, baƙi ƙirin, sauran ya naɗe a fanka.

Yaya ya ƙura wa tsumman ido. A hankali fuskarsa ta sauka.

"Tsumma," ya ce. "Inna ce ta sa?"

"Ita ce."

"Aikina ne." Muryarsa ta karye. "Ni ne mai cirewa. Baba bai taɓa murza makulli ba sai na nuna masa. Wallahi na manta akwai wani tsumma a duniya. Auta, ka yafe mini, na kashe maka wahalarka."

Ya kama hannun Auta da hannu biyu, babban mutum yana hawaye a bakin titi. Auta ya bar shi ya riƙe. Ya nemi gaskiyar a bakinsa ya gaya masa, ya tarar ba zai iya ba, ya nemi daɗin da ya zaci zai ji in Yaya ya sunkuyar da kai, shi ma babu. Kunya ce kawai, da ƙunar hannu.

Sai suka ji bugun gilashi daga cikin motar.

Hayaƙi ya shiga ciki ta baya. Inna ta juya ta durƙusa a kan kujera, mayafinta ya zame, tana miƙa hannu ta kan kujerar baya zuwa ramin nan, hannun ba ya kaiwa. Auta ya zagaya da gudu ya buɗe ƙofa ya kama ta.

"Auta," take cewa. "Auta yana baya. Wurin ya yi zafi, zai ƙone. Ku ciro mini shi."

"Inna, ga ni. Ni ne Auta. Dube ni, Inna."

Ta dube shi, ido cikin ido, kusa da kusa, har yana ganin kansa a ciki. Ta sa hannu ta ture ƙirjinsa.

"Bawan Allah, ba lokacin wasa ba ne. Ɗana yana ciki, ƙarami ne, barci yake. Don girman Allah ka taimake ni."

Ya fito da ita da ƙyar, tana turjewa, ya zaunar da ita a kan dutse a inuwar wata bishiya. Yaya ya zo ya durƙusa yana ce mata Malam ne, ta kwantar da hankalinta, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Yau ba Malam take nema ba, ba Babba ba. Sunan da Auta ya kashe shekaru yana jiran ji, ga shi tana ta kiransa ba ƙaƙƙautawa, tana kuka, tana nuna motar.

Ya koma. Ya kwantar da kujerar gaba, ya shiga baya cikin hayaƙi, ya leƙa ramin don ta ga ya leƙa. Sabuwar darduma ce a ciki, wadda ya yanka ya shimfiɗa da hannunsa, ta yi zafi kamar kasko. Wurin ko gwiwarsa ɗaya ba zai ɗauka ba yanzu. Ya daɗe a sunkuye a nan fiye da yadda dubawa take bukata.

Da ya fito ya zo ya tsuguna a gabanta, ya ɓoye ƙonannen hannun a bayansa.

"An riga an fitar da shi, Inna. Yana gida. Ba abin da ya same shi."

"Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi."

"Bai yi kuka ba?"

"Bai yi ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta share fuska da gefen mayafi. Ta ɗora hannu a kansa, a kan furfurar, ta ɗan shafa.

"Allah Ya yi maka albarka, bawan Allah," ta ce. "Allah Ya ba uwarka ladan haihuwarka. Tana raye?"

"Tana raye," ya ce.

"To ka riƙe ta da kyau."